Dala tamu da dalar Amurka: tarihin wasu kalmomin kuɗi



A babban hutun da ya wuce ina gida Dakoro, wani dare bayan lisha, gardama ta kaure a fadarmu, shayi na bisa wuta. Abin da ya tado ta kowa ya san shi: tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Wani abokinmu mai karatun lissafin kuɗi ya ce: "Ku bar ruɗin kanku. Harshen da ko kuɗi bai iya ƙirga ba sai da kalmar aro, mi za ya yi cikin biro? Dalar ga da kuke faɗi ai 'dollar' ce ta Amurka munka lalata." Wani kuma, mai zafin kishin Hausa, ya zabura: "Ƙarya kake yi! Su sunka sace ta wurinmu. Dutsen Dala na Kano ya girmi Amurka nesa ba kusa ba." Sai duk sunka juyo kaina, wai ni mai karatun kimiyyar harshe in raba su.

Gaskiya daren nan ban raba su ba, kame-kame kawai na yi. Da munka koma jami'a na bi ƙamusoshi da littattafan tarihi. Ga abin da na samo, kuma kowanensu akwai inda ya kuskure.

Mu fara da dalar kanta. Duk ɗan Nijar ya san da ita muke ƙirga: sefa 5 dala ɗaya, sefa 100 dala ashirin, sefa 500 dala ɗari, sefa 1000 jika. Kakata ba ta taɓa shiga lakwal ba, amma in ka ce mata "cinq cents" sai ta ce ka yi mata Hausa, in ka ce dala ɗari nan take ta gane. Kalmar ta zauna a bakinmu har ba mu jin baƙuntarta. Amma asalinta sunan wani kwari ne a tsakiyar Turai.

A 1516 anka gano azurfa mai yawa a wani kwari na ƙasar Bohemiya, cikin Jamhuriyar Cek ta yau. Garin da ya tashi wurin anka sa masa suna Joachimsthal. Joachim sunan wani waliyyi ne da Kirista ke ɗauka shi ne mahaifin Nana Maryamu, "thal" kuwa a Jamusanci kwari ke nan, kamar yadda mu za mu ce kwarin Tarka. Yau ana kiran garin Jáchymov. Wajen 1520 iyalin Schlick, masu mulkin yankin, sunka shiga buga manyan kuɗin azurfa, mutane na kiransu "Joachimsthaler", wato na kwarin Joachim. Sunan ya yi wa baki tsawo, sai anka gutsure kansa, ya koma "thaler". Mutanen Holan da na arewacin Jamus sunka ce "daler". Daga bakinsu Ingilishi ya ɗauka, tun cikin ƙarni na 16, ya mai da shi "dollar". Ke nan in an bi ta har saiwa, ma'anar "dollar" ita ce "ɗan kwari". "Thal" ɗin nan ita ce kuma a cikin Neanderthal, kwarin da anka tono ƙasusuwan wani mutumen da a 1856.

Ku lura, a lokacin ko ƙasar Amurka babu. Masu Ingilishi sun daɗe suna kiran duk wani babban kuɗin azurfa "dollar", har da na Sifaniya da ya cika kasuwannin duniya. Sai a 1785 majalisar Amurka ta zaɓi wannan suna ga kuɗinta, dokar buga shi kuma ta fito a 1792. Su ma tarar da sunan sunka yi, shekara fiye da 250 bayan haihuwarsa.

To ta ina ya biyo ya iso gare mu? Kuɗin azurfar sun riga mulkin Turawa zuwa ƙasar Hausa. Wanda ya fi shahara shi ne mai hoton Maria Theresa, sarauniyar Ostiriya da ta yi mulki daga 1740 zuwa 1780. Fatake sun amince da shi ƙwarai, har bayan mutuwarta anka ci gaba da buga shi ba a sake masa komi ba, kullum da shekarar 1780 a jikinsa. Ya ratsa Sahara da ayarin raƙuma, ya shiga Borno da Kano. Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdul Karim, ya bi ta Tasawa a watan Janairu na 1851, ya wuce Katsina da Kano, kuma ya rubuta cewa a Kano ana canjin babban kuɗin azurfa guda a kan wuri 2,500.

Sigar kalmar kuwa ita ke tona bakin da munka ji ta. Mutanen Ingila ba su furta "r" ta ƙarshen kalma, shi ya sa "motor" ta zama mota, "driver" ta zama direba, "carpenter" ta zama kafinta. Gajeren wasalinsu na "o" kuma kunnen Bahaushe "a" yake jin shi, shi ya sa "college" ta zama kwaleji, "cholera" ta zama kwalara. Ka ɗora waɗannan ƙa'idoji biyu bisa "dollar", dala za ta ba ka, ba ragi ba ƙari. A Nijeriya, zamanin fam da sule, dala sule biyu ce. Mu kuma da Faransawa sunka kawo kuɗinsu, akwai wani babban kuɗin azurfa na faran 5 mai nauyin giram 25, kusa da na Maria Theresa mai giram 28. Sunan ya hau kansa ya zauna. Haka maƙwabta ma sunka yi, kowa da tsohon sunan da ya sani: Zabarmawa na cewa dala kamar mu, Wolof na Senegal na kiran faran 5 "dërëm", Bambara na Mali "dɔrɔmɛ", su biyun daga dirhami na Larabawa.

Azurfar ta tafi, sunan ya saura. An ƙirƙiro sefa ranar 26 ga Disamba 1945, an kuma karya darajarta da rabi a Janairu 1994. Yau dala ɗaya ko ashana ba ta saye. In ka ji rediyo na cewa "dalar Amurka", ka tuna a shekarun nan guda ɗaya tata ta fi dala ɗari tamu, alhali kakansu ɗaya, wancan kwari na Bohemiya.

Ba dala kaɗai ba ce ta shigo mana daga Ingilishi, duk da Faransa ce ta mallake mu. Ingila ta ci Kano da Sakkwato a 1903, kuma tsakanin 1906 da 1908 wata tawaga ƙarƙashin Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila ta kafa alamun iyaka, ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Gobir biyu. Amma iyakar ba ta hana ciniki ba. Gyaɗa da bisashe na gangarawa kudu, kaya na hawowa arewa. Har gobe dabbobin kasuwar Dakoro na bi ta Maraɗi da Ɗan Isa zuwa Jibiya, samarinmu na tafiya ci-rani su komo da naira a aljihu da sabbin kalmomi a baki.

Shi ya sa za ka ji tsoho a Dakoro ko Kornaka ya ce "ko sisi ba ni da", ko "ko kwabo ban samu ba", alhali ba a taɓa buga sisi ko kwabo don Nijar ba. Sisi "sixpence" ce, wato peni shida. Sule "shilling" ne, fam kuma "pound". Nijeriya ta bar fam da sule ranar 1 ga Janairu 1973, ta koma naira, amma ta riƙe kwabo. Shi kwabo "copper" ne, jan ƙarfen da ake buga ƙananan kuɗi da shi. Ita "copper" daga Latin ta fito, inda Rumawa ke kiran jan ƙarfe da sunan tsibirin Kubrus, don can suke haƙo shi. "Pound" ma daga Latin take, "pondo", ma'anarta "da nauyi", domin da can awon azurfa ne kuɗin. Cikakkiyar maganar Rumawa "libra pondo" ce, shi ya sa har yau alamar fam harafin L ce mai gicciye. Masu Faransanci a cikinmu sun san "livre", ita ce "libra" ɗin.

Ga wata da ta ba ni mamaki. Soja, ko soji kamar yadda muka fi faɗi a nan, "soldier" ce ta Ingilishi. Ita kuma daga tsohon Faransanci ta zo, ma'anarta wanda ake biya. Tushenta "solidus", kuɗin zinariya da sarkin Rum Constantine ya fitar a farkon ƙarni na 4. Daga nan Faransanci ya samu "sou" da "solde". Ashe kalmar soja ma kalmar kuɗi ce tun asali. Canji kuwa, wanda mai tebur ke cewa ba shi da, "change" ce. Ingilishi ya aro ta daga Faransanci, ya ba Hausawan Nijeriya, su kuma sunka miƙo mana ta bisa iyaka, mu da Faransawa ke zaune cikin ƙasarmu suna cewa "monnaie". Ita "monnaie" da "money" ta Ingilishi uwarsu ɗaya: a birnin Rum ana buga kuɗi ne kusa da ɗakin tsafin wata gunkiya da ake kira Juno Moneta.

Nan nake son abokina mai lissafi ya tsaya ya duba. Ya yi gaskiya da ya ce dala aro ce. Amma harshen da yake ganin ya fi namu ƙarfi, da mi yake ƙirga kuɗinsa? "Dollar" daga Jamusanci, "pound" da "copper" daga Latin, "money" da "change" ta hannun Faransanci. A 1066 Normandawa daga arewacin Faransa sunka ci Ingila da yaƙi, sarauta da shari'a sunka koma Faransanci shekaru aru-aru. Yau fiye da rabin kalmomin da ke cikin manyan ƙamusoshin Ingilishi daga Faransanci da Latin suke. Har wuri ma, da kakanninmu sunka yi ciniki da shi, sunansa na Ingilishi "cowrie" daga harshen Hindi anka aro shi. Mu kuwa namu sunan gare mu: wuri, jam'insa kuɗi. Kalmar kuɗi da muke faɗi kullum jam'in wuri ce. Jika kuma jakar da ake zuba kuɗin ce.

Akwai ma kalmomin da mu da Ingilishi munka ɗebo a rijiya ɗaya, ta Larabci. Ku ɗauki sifiri. Larabawa na cewa "sifr", wato fanko, babu komi. Wani ɗan Italiya, Leonardo na Pisa, wanda anka fi sani da Fibonacci, ya koyi lissafin Larabawa a Béjaïa ta ƙasar Aljeriya, inda ubansa ke aikin kwastan na fataken garinsu. A littafinsa na 1202 ya rubuta kalmar da Latin "zephirum". Italiyawa sunka ce "zefiro", sannan "zero". Ta wata hanyar kuma wannan "sifr" ɗin ta haifi "cipher" a Ingilishi da "chiffre" a Faransanci. Mu kai tsaye munka karɓe ta daga malaman zaure, shi ya sa tamu ta fi kama da uwar.

Ko mangaza, inda ɗan kasuwa ke tara buhunan hatsi. Mu daga "magasin" ta Faransanci munka same ta. Faransanci daga Italiyanci, Italiyanci daga Larabci "makhazin", ɗakunan ajiya. Ingilishi ma ya ɗauke ta da ma'anar ɗakin ajiya, musamman na albarushi da makamai. A 1731 wani mai buga littattafai a Landan, Edward Cave, ya fara fitar da wata takarda ta wata-wata ya sa mata suna The Gentleman's Magazine, yana nufin rumbun labarai. Daga nan "magazine" ta zama mujalla. Ɗan littafin ga da ke hannunku, in da Ingilishi za a kira shi, sunansu ɗaya da mangazar hatsi ta bakin kasuwa.

Yanzu sai ɗaya abokin, mai Dutsen Dala. Na fahimci zafinsa, ni ma ina da irinsa. Kuma gaskiya ne sunan dutsen tsoho ne: Tarihin Kano ya ce Dala sunan wani mutum ne da ya zauna bisa dutsen, kakan Barbushe, tun kafin zuwan Bagauda. Amma tsufa kaɗai ba hujja ba ne. In ka ce wannan kalma ta haifi waccan, sai ka nuna hanyar da ta bi. A wajen "dollar" ga takardun Jamusawa da cikakken sunan "Joachimsthaler", ga kuɗin kansu a gidajen tarihi, ga matakan da sunan ya taka ɗaya bayan ɗaya. A wajen dutsen kuwa babu abin da ya haɗa shi da azurfa sai kamar suna. Kama da wane ba ta wane.

Wannan cuta ta bin kunne ba mu kaɗai ta kama ba, har manya ta ruɗa. Shekara da shekaru littattafai da jaridu na maimaita cewa boko daga "book" ta Ingilishi ta fito. A 2013 Paul Newman, masanin Hausa ɗan Amurka, ya fitar da wata maƙala ya nuna ba haka ba ne. Hujjojinsa masu sauƙi ne. Na farko, ƙamusun Bargery na 1934 ya jero ma'anonin boko da yawa, kuma akasarinsu kan algus da yaudara suke, abin da ba na gaske ba. Mu ma mun san biri-boko, mun san amaryar boko da ake ɗorawa bisa doki a maimakon ta gaskiya. Na biyu, ƙa'idar sauti ba ta yarda ba: "cook" ta zama kuku, to da "book" ta shigo, buku za ta zama. Na uku, Bahaushe na da littafi tun da daɗewa daga Larabci, ba ya buƙatar aro. Abin da ya faru shi ne, da Turawa sunka kawo karatunsu da baƙaƙensu, mutanen da sunka saba da allo da ajami sunka kira shi na boko, wato na jabu. Kalmar tamu ce, kuma tana ɗauke da tarihin yadda kakanninmu sunka kalli makarantar Nasara. Wanda ya ce daga "book" take ya shafe wannan tarihi bai sani ba.

Su ma masu Ingilishi suna da nasu tatsuniyoyin. Za ku ji ana cewa wai "salary", albashi, ta samo asali ne don da gishiri ake biyan sojojin Rum. Labarin na da daɗi, balle gare mu da munka san darajar kantun gishirin Bilma. Gaskiya ne kalmar Latin "salarium" na da dangantaka da "sal", gishiri. Amma babu wata takarda ta zamanin Rumawa da ta ce an biya soja da gishiri. Marubutan baya ne sunka ƙaga bayanin, kowa ya kwafa wurin wani.

Saboda haka, duk wanda ya kawo maka asalin kalma, a fada ne ko a wayar salula, ka yi masa tambaya uku. Yaushe anka fara ganinta a rubuce, kuma da wace ma'ana? Ta wace hanya ta biyo, su wa sunka ɗauko ta, ciniki ne ko addini ko mulki? Sautinta ya bi ƙa'idar da sauran kalmomin aro sunka bi? In amsa ukun sun dace da juna ka karɓa. In ɗaya ta ƙi, ka aje maganar tukuna, ko da ta yi maka daɗi.

Wannan ba wasan fada ba ne kawai. In da gaske Hausa za ta shiga takardun gwamnati da kotu da lakwal, za a zauna a zaɓi kalmomi, kuma ra'ayin abokaina biyu duk zai zo teburin. Masu cewa harshen bai isa ba za su so a bar komi da Faransanci. Masu cewa a kori duk baƙuwar kalma za su ƙago abin da kakata ba ta ganewa, alhali dala da canji da mangaza da sifiri sun riga sun zama ƴan gida. Wanda ya san tarihin kalmomin ne zai iya cewa wagga ta zauna a bar ta, waccan kuwa muna da tamu da ta fi ta.

Da na sake zuwa gida na ba kakata labarin kwarin Bohemiya. Ta saurara har na gama, sannan ta ce: "To mai gida, in ka gano uban dala, tamma hwa? Wa ya haihe ta?" Tamma, faran guda. Ita ta yi ciniki da ita, ni a bakin tsofaffi kawai nake jin ta, ƙannena kuwa ko sunan ba su sani ba. Na ce mata: "Inna, ki ba ni zuwa hutu mai zuwa." Ta ce bashi ne, kuma ba ta yafewa.

Shi ne nake roƙon ƴan ƙungiyarmu da duk mai karanta wannan: wanda ya je gida hutu ya zauna da tsoho ko tsohuwa, ya rubuto kalmomi biyar na kuɗi, ko na awo, ko na kasuwa da anka daina faɗi. Ya rubuta garin da ya ji su, da yadda ake furta su, da abin da ake saye da su a zamanin. Ku kawo mu tara, mu kwatanta na Dakoro da na Tasawa da na Madawa da na Damagaram, mu fitar da su a littafi na gaba. Allah ya ba mu iko, amin.